Ayoyin Maryamu a Ƙunshin Ƙosai

Malam Yusha'u, limamin Rawayya, ya faɗo shagon Dauda tela a Gusau ko sallama babu, ya maka wata takarda mai maiƙo bisa keken ɗinki.

"Duba! Da ita aka ƙunso wa ƙanena ƙosai a kasuwar Tsafe."

Dauda, wanda ke wa'azi a majami'a ran Lahadi, ya gane ta nan take: ayoyin Maryamu ne da aka buga. Shekara uku suna zama duk Laraba, Malam na karanto ƙissar Nana Maryamu daga Alƙur'ani, shi yana buɗe Linjila, suna musu suna ɓara goro. Da hannunsa Malam ya rubuta masa ayoyin da fassarar ajami, bisa alkawarin za su zauna cikin gafaka, ba za su taɓa ƙasa ba.

"Malam, Allah ya sani alheri na nufa. Na ba Baturen mishan ya buga don mutane su ga uwa ɗaya muke girmamawa."

"Alheri? Maganar Allah cikin mai, ana tattaka ta a tasha! Ga sunana kusa da gicciye. Jiya na shiga gaba sahu ya watse, mutum huɗu suka bi ni salla. Guda nawa aka buga?"

Dauda ya sunkuyar da kai. "Dubu biyu."

Malam ya juya zai fita, sai ga wani dogon baƙo ya jingine keke a ƙofa, riƙe da sammacin alƙalin Bungudu kan maganar takardar.

"Wane ne Yusha'u cikinku?"