Ƙafar Gaba ta Keken Mahmudu

Shekara ashirin da biyu Sadiƙu yana gyaran keke a kasuwar Urafane, kuma ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Yana ɗaukar wannan abin alfahari. Ba alfahari ba ne, ciwo ne.

Ranar kasuwa da hantsi surukinsa Mahmudu, mijin 'yarsa Kubra, ya turo wani keken gwanjo da ya sayo a Maradi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce tayar gaba ce ta sace. Ƙafar keken ba ta da noti irin wanda aka saba, sai wani ɗan hannun ƙarfe a gefe mai kama da cokali. Sadiƙu ya cire ƙafar, ya yi faci, ya mayar, ya kama hannun ya yi ta murɗawa kamar noti har ya ji ya cije, ya bar shi a miƙe. Mahmudu ya dubi hannun, ya dubi ƙasa, ya yi godiya ya tafi. A kan keken nan zai goya Kubra su koma ƙauyensu. Cikinta wata bakwai, awo suka zo, sai wajen azahar za su kama hanya.

Bayan azahar Abdussalamu, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe, ya kawo nasa keken mai irin wannan hannu. Sadiƙu ya soma murɗawa, sai Mushe ya riƙe masa hannu.

"Malam Sadiƙu, kashe ni za ka yi? Ba murɗa shi ake ba."

Ya buɗe hannun, ya ɗan matse ƙullin da ke ɗaya gefen, sannan ya danne hannun da tafinsa har ya kwanta jikin ƙarfen. Ya nuna masa shatar da ya bari a tafin.

"In bai bar maka wanga sawu ba, bai kulle ba. In murɗawa kawai ka yi, gargada na sassauta shi. Ka faɗa rami ɗaya, ƙafa ta fice, ka ci ƙasa da haƙora."

"Na sani," in ji Sadiƙu. "Gwada ka nake."

Mushe ya tafi. Sadiƙu ya zauna, ya tashi. Ya ɗauki famfo ya ajiye. Wani ya kawo sarƙa a haɗa masa, ya haɗa ta a karkace. Idonsa ba ya ganin komai sai gangaren kwarin nan da ke kan hanyar ƙauyen su Mahmudu, inda ruwa ya zaizaye ya bar ramuka, da Kubra zaune a baya ta gicciye ƙafa. Ya ce wa kansa ai ya murɗa da ƙarfi. Ya ce wa kansa Allah ne mai tsarewa. Gaskiya ne, amma ba Allah ne ya ce ya ɗaura abin da bai iya ba.

Ya bar rumfar a buɗe, ya nufi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, ya haye bayan babur ɗin wani Illo.

"Yau kuma likitan keke a kan moto? Mi ya yi zafi?"

"Ja mu tafi. Bakinka ya fi injinka gudu."

Duk abin da suka hango a hanya sai Sadiƙu ya ɗauka su Kubra ne suka faɗi. Amalanken jaki ne. Mata ne da itace. Da suka gangara kwarin ya sa Illo ya rage gudu, yana duban yashi ko zai ga inda aka faɗi. Babu komai sai sawun taya guda, a miƙe, ya haura tudu.

A gindin wata adua suka same su, Kubra na shan ruwa, keken a jingine. Sadiƙu bai amsa gaisuwa ba. Ya tsuguna gaban ƙafar. Hannun a kwance yake, a kulle tsaf, yadda Mushe ya nuna.

"Wa ya taɓa wannan?"

Mahmudu ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Ni ne, Baba. Da na fita kasuwa na ɗan gyara shi."

"Ka san ban yi daidai ba?"

Mahmudu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Wanda ya sayar mini ya nuna mini, Baba. Amma akwai mutane a rumfar."

Kubra ta juya baya, ta ja gyale ta rufe fuska. Illo ya kashe moto don kada wata magana ta wuce shi.

Sadiƙu ya daɗe a tsugune. Ya kama ƙafar ya jijjiga, ba ta motsa ba. Ya sake jijjigawa.

"Kunyarka ta tsare mutuncina, na gode," ya ce. "Amma da mai keken wani ne ba kai ba, da wa zai gyara? Kasuwa mai zuwa ka kawo shi rumfa, ka buɗe, ka kulle, ina kallo, kowa na kallo. Kuma ke, in kun zo gangare na gaba ki sauka ki taka da ƙafa."

"To, Baba," in ji Kubra.

Sadiƙu ya tsaya a hanya yana kallon keken har ya shige cikin gonakin gero.