Akwatin da Ya Ƙi Rufuwa

"Janye ƙafarka daga ƙarƙashin akwatin nan," in ji Tela.

"Wace ƙafa?"

"Ta dama. Wadda kake tallafe shi da ita. Ina ganinka."

Kafinta ya janye ƙafar a hankali, kamar ba tasa ba. Akwatin ya yi lilo a jikin sikelin da suka aro wurin mai gas, suka rataye a ƙofar shago. Allurar ta zabura, ta wuce jan zanen da suka yi mata da biro, ta tsaya can gaba tana rawa.

"Sikelin nan maƙaryaci ne."

"Jiya da ya nuna abin da kake so, cewa ka yi ya fi alƙali gaskiya."

"Jiya lafiyarsa ƙalau. Mai gas ne ya lalata shi da tukwanensa."

"To, a filin jirgi ma sai ka sa ƙafar. Ka ce musu da ita aka sayo akwatin."

Bango ɗaya ne ya raba shagunansu, bango ɗaya ya raba gidajensu. Tun suna da baƙin gashi suke wannan musun. Duk ranar da ba su yi ba, Tela sai ya ji kamar ya manta wani abu a gida.

'Yar Kafinta nas ce. Ta samu aiki a wani asibiti a can wata ƙasa mai rairayi, ta tafi da mijinta, ta haihu a can. Aka sa wa jaririyar sunan mahaifiyar Kafinta, saboda haka bakinsa ba ya iya furta sunan. Uwata yake ce mata. Bai taɓa ɗaukarta ba. A waya kawai yake ganinta, tana lasar gilashin.

Ranar da Nas ta ce za ta nema masa biza ya je ya ga jikarsa, a ranar ya zaɓi katako.

"Ƙasar da babu bishiya," ya ce wa Tela, "a kan me yara suke zama?"

"Ita Nas ɗin ta ce maka a ƙasa suke zama?"

"Ta ce suna da kujeru. Na roba." Ya tofar da yawu gefe. "Jikar kafinta, a kan roba."

Wani ya gaya masa na'urar filin jirgi ihu take yi idan ta ji ƙarfe. Sai ya ƙera kujerar ba ƙusa ko ɗaya. Ya fere 'yan ƙusoshin katako, kowane da raminsa, yadda za a kwance ta a zuba a akwati, a can a sake haɗawa. Kujera ta yi kyau. Tela bai faɗa ba, amma ta yi kyau.

Sai biza ta ƙi fitowa.

Aka ce wata mai zuwa. Wata ya zo ya wuce. Aka ce hoton ne bai yi ba, kunnensa ɗaya ba ya fitowa. Aka sake hoto. Ita kuwa Uwata ba ta jira kowa ba, girma take yi abinta. Kujerar da aka yi wa mai rarrafe ba za ta ɗauki mai gudu ba. Kafinta ya kyautar da ta farko, ya ƙera babba. Babbar ta fi nauyi, sikeli ya ƙi. Sai ya hau kankare ta. Yarinya na ƙara faɗi, kujera na ƙara rama.

Duk lokacin da Nas ta kira, sai a aika a kira Tela ya zo da tef ɗinsa.

"Ki tsayar da ita a jikin firji," Kafinta zai ce. "Yauwa. Tela, auna."

"A waya zan auna mutum?"

"Ba kai ne kake cika bakin cewa da ido kake yanka riga ba?"

Tela sai ya ɗora tef a kan gilashin wayar, ya runtse ido ɗaya, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Yarinyar ta yi musu gwalo ta gudu. Nas na dariya har wayar na girgiza.

"Baba, don Allah ku taho haka nan. Ku muke so, ba kujera ba."

"Ke kike so. Ban tambayi Uwata ba tukuna."

Bayan kujera, sai zafi. Ya ji an ce a can ana soya ƙwai a kan mota. Ya ce ba zai je ya faɗi a gaban surukinsa ba, a ce tsohon ba shi da ƙwari. Ya fara horo. Da tsakar rana sai ya rufe ƙofar shago da taga, ya saka riguna biyu, ya zauna a ƙarƙashin kwanon rufi yana zufa kamar tulu. Matarsa, wadda unguwa ke kira Maman Nas, ta zo ta samu Tela a kan keke.

"Malam Tela, je ka yi wa abokinka magana. Ni na gaji. Dafa kansa yake yi."

Tela ya je ya buga ƙofa.

"Ka nuna ne, ko a ƙara wuta?"

"Tafi ka yi ɗinkinka."

Da labarin ya kai kunnen Nas, ta ce, "Baba, nan ko'ina sanyin na'ura ne. Gida, mota, masallaci. Rigar sanyi za ku taho da ita." Washegari Kafinta ya kawo wa Tela tsohon bargo, ya ce a mayar masa da shi kwat.

Tela ya ɗinka. Yana ɗinkin yana saurare ta bango. Da can, ƙarar kankarar katako ba ta yankewa sai an kira salla. Yanzu sai ta yi kaɗan ta tsaya. Shiru. Sai tari. Rannan ya leƙa, ya tarar da Kafinta ya dafa teburin aiki da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji.

"Mene ne?"

"Garin katako ne."

"Shekara nawa kana shaƙarsa, sai yau ya san hanyar ƙirjinka? Mu je asibiti."

"In sun rubuta wani abu a hana ni biza fa? In na je can, asibitin 'yata ne. Kyauta."

Tela ya zage shi, ya koma shago. Daga baya ya ja shi asibitin da ƙyar, aka ba shi ƙwayoyi. Tun daga ranar Tela ya daina yi wa bizar dariya. In ya idar da salla, yakan sa ta a addu'a, a ɓoye, don kada Kafinta ya ji ya samu abin gori.

Bizar ta fito wata safiya, ba zato.

Kafin hantsi tsakar gidan Kafinta ya cika da kaya. Kujera a kwance, kowane yanki an naɗe shi da zane. Kwat ɗin bargo. Ƙullin kayan yaji da Maman Nas ta ce ko za a bar mijin, ba za a bar shi ba. Turare. 'Yan riguna da Tela ya ɗinka wa yarinyar, bisa awon waya. Sikeli ya yarda, da ƙyar, ba tare da ƙafa ba. Zif ne ya ce bai san zancen ba.

"Kai ka canja zif ɗin nan," in ji Kafinta. "Aikinka ke nan. Rigar da ka yi min bara ma haka take."

"Cikinka ne ya ƙaru. Hau ka zauna a kai."

"In ka karya wa kujerar ƙafa, wallahi sai ka biya."

"Kai za ka zauna, ni zan karya?"

Kafinta ya hau akwatin ya zauna, ya jingina da bango. Tela ya durƙusa yana jan zif, yana tura bakin zane da ɗan yatsa. Maman Nas na kicin tana ba da umarnin da ba wanda ke bi.

"Matsa hagu. Danna. Kai, duk kaurin bakin nan ashe ba ka da nauyi."

"Idan na je," in ji Kafinta daga sama, "zan ce mata wani tela ne ya auna ta. In ba ta shige ta ba, ta san wanda za ta tsine wa."

"Ce mata kakanta ne ya kankare kujerar har ta koma faifai. Ɗaga ƙafa."

Zif ya sha kwana ta farko. Ya sha ta biyu. Ya tsaya, Tela ya shafa masa kyandir, ya ja da ƙarfi. Kan zif ya je ya haɗu da ɗan'uwansa.

"Alhamdulillahi! Ya rufu. Sauka mu gani ko zai fashe."

Kafinta bai sauka ba.

"Sauka mana. Ko a kai za a ɗora ka a jirgin?"

Kansa na jingine da bango, hularsa ta ɗan zame gaba. Hannunsa ɗaya na kan hannun akwatin. Bakinsa a ɗan buɗe, kamar yana shirin mayar da martani.

Tela ya kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da ya kira tun suna samari. Daga nan ya fara salati. A kicin, ludayi ya faɗi.

Aka yi masa sutura a ranar. Akwatin aka tura shi lungun ɗaki, ba wanda ya taɓa. Tela ya buɗe shago bayan kwana biyu, ya zauna a gaban keke. Bango shiru. Ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinka shi a baibai. Mai gas ya zo karɓar sikelinsa, ya kalli Tela, ya ce ba gaggawa, ya tafi.

Nas ta iso da yarinyar bayan an watse da zaman gaisuwa. Ta rame. Yarinyar kuwa ta fi yadda take a waya tsawo, ta fi surutu, rabin maganarta ba a ganewa. Ta kalli Tela ta ce, "Mai igiya!" ta ɓuya a bayan uwarta.

Da la'asar Maman Nas ta sa aka jawo akwatin tsakar gida.

"Malam Tela, kai ka rufe. Kai za ka buɗe."

Ya ja zif. Akwatin ya yi ajiyar zuciya, murfin ya ɗaga da kansa. Ƙamshin yaji da na sabon katako ya tashi. Tela ya kwance zannuwan, ya baje yankunan kujera a tabarma. Bai taɓa haɗa ko benci ba. Ya sa ƙafar baya a gaba, kujera ta tsaya kamar akuya mai ciwo.

"Kawu, ina jin juyawa za ku yi," in ji Nas.

"Na sani. Uban naki ne bai iya aiki ba. Mutum ya yi kujera ba ƙusa."

Ya sunkuyar da kai, ya juya ƙafar, ya buga 'yan ƙusoshin katakon da dugadugan takalmi. Ɗaya bayan ɗaya suka shige, kowane a raminsa.

Yarinyar ba ta jira an ce mata ba. Ta zo ta juya baya ta zauna. Kujerar ta yi 'yar ƙara. Ba ta karye ba. Ƙafafun yarinyar suka sauka daidai a ƙasa, ta ɗora hannuwa a gefe da gefe kamar mai jiran a kawo mata ƙara.

Maman Nas ta goge ido da bakin mayafi. Ta tattara kayan yajin da turaren da 'yan rigunan, ta mayar cikin akwati, don Nas ta koma da su. Ta ɗauki kwat ɗin bargon, ta riƙe shi jim kaɗan, shi ma ta saka. Ta danna murfin. Ya taso. Kujerar ma ba ta koma ciki ba tukuna. Ta sake dannawa da hannu biyu, ya sake tasowa.

Ta ɗago ta dubi Tela.

"To yanzu wa zai hau ya danne mana?"

Yarinyar na kan kujerarta, tana buga dugadugai a ƙasa.