Asusun Ndanusa

Ihsan ta riga ta rufe asusun kafin saƙon muryar ya shigo.

Aikinta ke nan a ofishin da ke saman wani shagon taya a Kontagora. Wani kamfanin wasan harbi na waya ne a ƙasar waje ya ba su kwangilar kula da 'yan wasan da ke jin Hausa. Duk wanda na'ura ta kama yana maguɗi, ita ke duba shi ta kore shi. Mai wannan asusun kuwa bindigarsa harbi take da kanta.

Ta sa abin ji a kunne.

"Hajiya, don Allah ki saurare ni," in ji muryar, da Hausar da Nufanci ya ratsa. "Sunana Ndanusa. Acaɓa nake yi da, har mota ta take min hannun dama a hanyar Ibeto, aka yanke shi. Mai gyaran waya ne ya sa min abin da ke danna min harbi. Abokaina na tasha, a cikin wasan nan kaɗai nake haɗuwa da su yanzu."

Ya haɗo da bidiyo. Waya a kan gwiwa, babban yatsan hagu na ta kai-komo, hannun rigar dama a naɗe da fil.

Ta kira Philip, shugaban sashensu, ya kalla a tsaye.

"Oga, in buɗe masa?"

"Ihsan, duk abin da muka taɓa, Turawan nan suna gani. Kin buɗe, gobe su ce muna ɗaure wa masu maguɗi gindi, su kai aikin wata ƙasa. Dubi mutanen ɗakin nan." Ya sassauta murya. "Ni ma ya ba ni tausayi."

Ta dubi Salihatu da ke gefenta, da tsohon ciki, tana lallashin wani da ya manta lambar sirrinsa. Ihsan ba ta buɗe asusun ba.

Ta ɗauki saƙon murya ta goge, ta sake ɗauka. A ƙarshe ta gaya wa Ndanusa gaskiya: tsohon asusun ya tafi da duk matsayin da ya kai, amma yana iya buɗe sabo, kuma akwai inda ake matsar da maɓallan wasan gefe guda, sai dai bayanin da Turanci yake.

"To yaya ake jera su, Hajiya?" ya tambaya.

Ba ta sani ba. Ita korar mutane ta iya, ba ta taɓa buga wasan ba.

Da aka tashi cin abinci, ta ce wa abokan aikinta su je, tana zuwa. Ta sauke wasan a wayarta, ta tura maɓallan zuwa hagu, ta zauna a kan hannunta na dama. Ko juyawa ba ta yi ba aka harbe ta. Ta ɗan matsar da maɓallin harbi ƙasa, ta sake shiga.