Kwale-kwalen da Auta Ta Ƙirga

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu naki ne.

Wani tsohon ɗan jarida ne, shekara ashirin bai taka bakin tafkin garinsu ba. A ransa shi ya kashe wurin: ya rubuta cewa ruwan ya gurɓata, ya sake rubutawa, har masunta suka naɗe komarsu suka watse. Ko kifi aka kawo masa, sai ya ture kwanon.

Autarsa, mai karatun bincike a jami'a, ta gaji da gani.

Ta ce, "Baba, wa ya ce maka kai ne?"

"Kowa ya sani."

"Kowan nan ya ƙirga?"

"Ke dai bakinki reza ne, Auta."

Sai ta nufi ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu. Fanka na juyawa a kasalance, takardu sun yi ja kamar ruwan shayi. Ta ja layi biyu a littafinta. Na farko, duk makon da aka ambaci gurɓatar ruwa. Na biyu kuwa, kwale-kwale, don jaridar ta saba buga hoton tafkin kowace Asabar a saman hasashen yanayi, kullum daga kan gada ɗaya. Ba wanda ya taɓa kula da hoton nan.

Ta yi ta ƙirga. Rana na takewa gyangyaɗi kan ɗebe ta, ta ga kwale-kwalen sun zame daga shafi, suna yawo a hankali tsakanin kantocin jaridu, ruwa na lasar ƙafar kujerarta. Ta farka, ta ci gaba. Arba'in. Talatin da shida. Ashirin. Ranar da labarin Baba na farko ya fito, sha ɗaya kacal suka rage.

Ta kai masa littafin, ta ɗora yatsarsa a kan kwanan watan.

"Ka gani? Masuntan sun riga ka tafiya. Kai bayansu ka bi da alƙalami."

Ya daɗe yana kallo. "Bayan na rubuta fa?"

"Biyu suka ƙara raguwa. Waɗannan kam ba zan iya wanke ka ba."

Ya yi dariya har da hawaye. "Biyu ai zan iya ɗauka."

Auta ta gama karatunta, tana koyarwa yanzu. Kwale-kwale tara na nan a tafkin. Baba kuwa kullum da hantsi yana kan gada, kuma ya koma cin kifi.