Mai-Nutso Yana Da Masu Shi

"Ba zan faɗa ba," na ce wa kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu.

Ya zaci ban ji umarninsa ba, sai ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai magana da jaki. Tafintansa na kwance da zazzaɓi, shi ya sa aka kirawo ni daga lakwal ɗin Gaya, inda nake koyar da 'yan mata, aka sa ni cikin kamyo, babbar motar kaya, zuwa ƙauyenmu. Yana so in tsaya gaban iyayena in shaida musu da harshenmu cewa rafin nan ba shi da mai shi, don haka za a datse shi daga sama a shayar da gonar auduga ta gwamnati.

Rafin sunansa Mai-Nutso. Da damina yana gangarowa daga tudun ja, ya bi bayan ƙauye, ya cika fadamar shinkafa, sannan ya nufi kogin Isa. Da rani sai ya nutse ƙarƙashin rairayi. Mai awon gwamnati da rani ya zo, ya ga yashi fari fat, ya koma ya ce kango ne. Alhali kowace kwana ta rafin nan da gidan da ke tona ta don samun ruwa. Ramin kakata Kaltuma na gindin giginya, ita ta fara tona shi shekarar da fara ta cinye gero, kuma har yau ba mai zura ƙwarya ciki sai ya yi mana sallama.

"Madamazal," in ji kumandan, "mu muka koya miki karatu. Ko ki faɗa, ko gobe kada in gan ki a lakwal."

"Kun koya mini ma'anar kalmar nan ta 'ba mai shi', shi ya sa ba zan faɗe ta ba."

Idrisa gardi, ɗan ƙauyenmu da ke dogarin kumandan, ya matso kusa da ni. "Ajuma, ke ko bakinki na zinariya ne? Kalma ce fa, ki tofar mu tafi, rana na cin mu."

"To kai ka tofar, kawu. Ramin gyatumarka na nan kusa da namu. Ka dube ta ka ce ba ta nan."

Babana Mumuni bai jin Faransanci, amma ya ga fuskar Bature. Ya ce, "'Yar nan, ki rufa mana asiri."

Na juya na faɗa wa jama'a abin da aka ce in faɗa, da dalilin da ya sa na ƙi. Mata suka ɗauki ƙorensu suka sauka cikin rafin, kowace ta tsaya bakin raminta. Ni ma na tuɓe takalmi na tsaya a na kakata. Idrisa ne ya faɗi kalmar daga ƙarshe, idonsa a ƙasa.

An datse rafin kafin damina. Shinkafar innata ta bushe a tsaye. An kore ni daga lakwal, an ba wata ajina, kuma babana ya daina cin abincin da na dafa har kaka ta wuce. Yanzu ni da tulu ne zuwa rijiyar ƙauyen gaba kowace safiya, wuyana ya yi kanta. Ramin kakata sai an tona har ƙugu ake samun danshi, amma ina tona shi.