Haƙorin 'Yar Wanzami

"Ba zan zauna ba, Baba."

Halima Sadiya ta faɗi haka tana tsaye a ƙofar zaure, hannunta dafe da kuncinta da ya kumbura. Mahaifinta Ɗalha, wanzamin Malisa, ya riga ya shimfiɗa mata tabarma, ya zaro awartaki daga zabira yana goge shi da gefen rigarsa. Ranar Juma'a ce, zauren cike da masu jiran aski.

"Mi kika ce?"

"Na ce ba za a cire shi ba. Rami kawai ya yi, ciko yake so."

"Ciko!" in ji wani tsoho da aka aske wa rabin kai. "Haƙori ne ko ƙwarya?"

Aka kwashe da dariya. Ɗalha bai yi ba. Da wuya a sami gida a Malisa da awartakin nan bai raba wani da ciwon haƙori ba, kuma kowa ya san ɗan gidan wanzami ba ya kai ciwonsa waje.

"Zauna, ɗiyata," ya ce a hankali. "Mutane na kallo."

Ta ji roƙon da ke cikin muryar. Amma harshenta ya taɓo giɓi biyu da ya bar mata tun tana ƙarama, ta tuna innarta Dije, wadda ya cire wa haƙora har yanzu sai an jiƙa mata tuwo sharkaf kafin ta ci. Sadiya kuwa malamar firamare ce a Gwandu. Kowane wata ana yankar albashinta don inshorar lafiya, katin yana jakarta. Ta juya ta fita.

A asibitin Kalgo ta yini a layi. Likitan haƙori ya leƙa bakinta ya girgiza kai.

"Da kina zuwa ana duba ki a kai a kai, da bai kai haka ba. Sai kumburin ya sace tukuna."

Ya ba ta magani, ya ce ta dawo. Ta dawo, injin ya lalace. Ta sake dawowa, layi ya ƙare kafin a zo kanta. Haka ta yi ta hawa mota tana sauka, kowace gargada a hanya sai ta ji ta har ƙwaƙwalwa. A aji ta koma rubutu a allo saboda magana ta gagare ta. Kanumfari da ruwan gishiri suka zama abincinta. Ta rame har zanenta ya riƙa kwancewa.

Inna Dije ta same ta a ɗakinta na haya, ta zauna a bakin katifa tana haki.

"Ke dai kin gado taurin kai. Da kin zauna, da tuni kin manta da shi."

"Kamar yadda kika manta da naki, Inna?"

Dije ta rufe baki da gefen mayafi. Can ta ce, "Masu aski sun fara komawa wurin Garba wanzamin Maruda. Cewa suke wanda ɗiyarsa ta ƙi hannunsa, wa zai miƙa masa wuya?"

Sadiya ta gaji har da musu.

A ƙarshe aka wanke ramin aka cike. Ta miƙa kati, aka ce ta tafi. Ta cije baki a hankali, ba ta ji komai ba, kuma ko daɗi ba ta iya ji ba.

Ta je Malisa ta durƙusa a ƙofar zaure. Mutum ɗaya kawai ta tarar ana aske wa.

"Barka da aiki, Baba."

"Barka kadai, Malama," ya ce, bai ɗago ba. Bai taɓa kiranta haka ba.

A da, duk sunan da ya je aski, kason naman da ake ba wanzami ita yake fara zaɓar wa tsoka, ya ƙunshe a takarda ya aika mata har Gwandu. An yi suna a Malisa bayan haka, an sake yi, ba ta ga ƙunshi ba. Haƙorinta yana nan daram a bakinta. Abin da ta biya shi ne mutuncin mahaifinta a garinsa, da sunan "ɗiyata" da ya daina kiranta da shi.