'Yar Telan Lauyoyi

Wata uku ya rage Auta ta fara karatun lauya, amma tun yanzu an cika mata kunne da magana ɗaya: karatu daban, sanin mutane daban. Duk wanda aka ɗauka tare da ita ya samu ofishin wani lauya da yake zuwa ya zauna, ya ɗauki fayil, a san fuskarsa tun kafin ya gama. Wannan kawunsa alƙali ne, waccan yayarta ce ta yi mata hanya. Ita kuwa Auta mahaifinta tela ne.

Ba kuma kowane tela ba, shi ke ɗinka wa lauyoyi baƙar rigar shiga kotu, shekara talatin yana auna kafaɗunsu. A tsakanin rigunan nan Auta ta girma, suna rataye a jere bayan kekensa, tana shige cikinsu tana shaƙar ƙamshin guga. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar ranar da za a auna tata kafaɗar ba. Sai dai so take ta shiga ta ƙofar masu rigar, ba ta wadda ake kawo musu ɗinki ba.

Ranar da Baba ya ce, "Auta, ko in yi miki magana da wani cikinsu?" sai ta ce ya bari kawai, ta riga ta shirya komai. Ina wani shiri. Takardu ne goma sha biyu ta buga tana bi ofis-ofis tana ajiyewa, kuma duk wanda ya tambayi 'yar gidan wa ce, sai ta ce mahaifinta ɗan kasuwa ne. Baba bai sake tayar da maganar ba.

Ofishi ɗaya ta ƙwallafa wa rai, na wata Babbar Lauya, wadda ta taɓa gani tana magana a kotu har Auta ta manta da yunwar da take ji. Mutum ɗaya take ɗauka a shekara. Kwana uku Auta na zuwa ɗakin jiranta, ta zauna kan kujerar roba, ta zuba wa ƙofar gilashin nan ido tana kallon inuwar masu kai-da-kawo a ciki. In aka buɗe sai sanyin na'ura ya leƙo da ƙamshin tsofaffin littattafai, a sake rufewa. Sakatariya ko kai ba ta ɗagawa. Ji take da za a bar ta ta share ɗakin nan ma, da ta share.

A rana ta uku tana zaune da wasu samari biyu masu neman wurin, sun gama hirar iyaye kenan, ta ce musu nata ɗan kasuwa ne, sai ga Baba ya shigo, riga cikin leda a saɓe a hannunsa, magwaji a wuya. Sakatariyar da ba ta san dariya ba ta miƙe har da washe baki.

"Baba Tela, sannu da zuwa. Shiga mana, tana jiranka."

Auta ta ɗaga fayil ta kare fuska, sai ka ce uba zai kasa gane 'yarsa don kwali. Ya gan ta sarai. Ya ɗan tsaya, ya dubi samarin, ya dube ta, ya ce, "Sannunku da jira." Ya shige.

Tana jin dariyarsa daga ciki, irin wadda yake yi a gida in shayi ya yi masa daɗi. A lokacin ba wurin take so ba, so take ya fito ya kira ta Auta a gaban kowa, ko da faɗa ne. Da ya fito kuwa, ya rage murya daidai kujerarta ya ce, "Allah ya ba da sa'a, malama." Ya sauka matakala a hankali saboda gwiwarsa.

Sai ga shi an kira ta. Babbar Lauya ta karanta takardarta har ƙarshe, ta ajiye.

"Takardarki ta yi kyau, amma ba zan ɓata miki lokaci ba, wurin na da mai shi. Telan nan da ya fita, autarsa ma za ta fara bana. Tun tana firamare yake ba ni labarinta, duk sakamakon da ta ci sai ya zo ya faɗa mini. Yanzu ma na ce yaushe zai kawo ta, ya ce yarinyar ta wuce a shigo da ita ta hannun tela, da ƙafarta za ta zo. To ita nake jira."

Auta ta dubi sabuwar rigar da ke rataye a bayan kujera. Sannan ta ce:

"Ni ce, ranki ya daɗe."

Babbar Lauya ta cire tabarau, ta dubi ƙofa, ta dube ta.

"Kina zaune a waje ya wuce ki?"

"Ya gaishe ni," in ji Auta.